Aikin da Baba Ya Yi wa 'Yar Kwaɗo

Yamai, 18 ga Agusta

Zuwa ga yayata, Ya Bintu, gidan Ba Maina makaniki, Diffa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ku lafiya. Ya jikin Baba? Kunnen ya ɗan saki, ko har yanzu sai an ɗaga murya? Ya garka, ya ciwon bayanki? Ni lafiyata lau, sai gajiyar tuƙi, don Alhaji Muhsinu maigidana ba ya zama wuri ɗaya.

Na buga wayarki har na gaji, sai direban bas ya ce mini ta faɗa ruwa wajen ban-ruwa. Allah Ya mayar da alheri. Ko da tana nan ma na san Baba, duk maganar da ta shafi motarsa sai ya ji ta a rubuce, a karanta masa sau biyu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Alhaji mutum ne mai tara tsofaffin motoci, yana da rumfa guda a gidansa cike da su. Rannan ya ga hoton 'Yar Kwaɗo, motar Baba, a wayata, sai ya karɓe wayar ya daɗe yana kallo. Ya ce ina take? Na ce tana Diffa cikin zaurenmu, Baturen injiniyan da Baba ya yi wa aiki a gonakin ban-ruwa ne ya bar masa ita da zai koma gida, tun ba a haife ni ba. Na faɗa masa gaskiya: kujera biyu ce kawai, ba rufi, cikinta yana shafar yashi, kuma shekara tara ba ta fita ƙofar gida ba, sai dai Baba ya tayar da ita kowace Juma'a.

Ya Bintu, ki zauna kafin ki karanta wannan. Ya ce zai ba mu a-kori-kura sabuwa fil a maimakonta. Fara ce, kat-kat, tayoyi huɗu duk suna ja, kujerun mutum biyar, ga sanyi a ciki, man gazuwal take sha. Na tuƙa ta da hannuna. Buhun tattasai talatin za ta kwasa ta bi yashin bakin kogin Komadugu ba ta ko tari ba. Ki tuna bara yadda ruwa ya cinye miki rabin tattasai kina jiran amalanken haya. Bana in Allah Ya so ba za ki jira kowa ba, kuma ranar asibiti Baba zai tafi a zaune cikin sanyi.

Ki lallaɓa shi. In ya yarda, za mu taho da Alhaji ƙarshen Oktoba, kafin ruwan kogi ya hau.

Ƙaninki,
Abdullatif

*

Diffa, 27 ga Agusta

Zuwa ga ƙanena Abdullatif.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya gwargwado. Kunnen Baba yana nan yadda ka bar shi, idon kuma ya ƙara raguwa. Bayana ba a magana. Dashen tattasai ya kama, ciyawa kuwa kamar ni kaɗai ta sani a duk faɗin kwarin nan. Tun da aka hana babur ƙafata ce motata, in je garka in dawo, kai ka san nisan.

Takardarka na karanta wa Baba sau biyu kamar kullum, da ihu, har maƙwabta sun ji an ba mu mota. Da na gama ya ce, “Mutumin nan lafiyarsa ƙalau?” Na ce ɗanka ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya ce, “To ko makaho ne irina?”

Wallahi Abdu kwana uku muka yi muna abu ɗaya. Ya fara da zagin taka farar. Wai motocin yanzu kwamfuta ce a cikinsu, in sun yi ciwo ba sa gaya wa mutum, sai an jona musu waya kamar mara lafiya a asibiti. Wai tasa kuwa tafin hannu kawai zai ɗora a kan inji ya san abin da ke damunta. Ya ja ni zaure ya tayar da ita, ya kama hannuna ya ɗora. Wai in ji. Ni dai zafi na ji. Ya nuna mini sitiyarin itace, ya nuna mini tayoyin nan masu wayoyi kamar na keke, ya ce ranar da aka buɗe kwaltar garin Maine ya taka ta har hularsa ta tafi bai tsaya ɗauka ba.

Na bar shi ya gama. Sannan na ce, Baba, buhu nawa take ɗauka? Na ce ko ɗaya, Baba. Ni kuma na gaji. Na faɗa masa hakan a fili, na ce shekarata arba'in da shida, mijina ya rasu, ɗanka yana Yamai, ni ce jakin gidan nan kuma jakin ya gaji. Ban taɓa yi masa magana haka ba, har yanzu abin yana damuna.

Washegari ya ce in rubuta maka ya yarda.

Sai dai akwai abin da ya tsaya masa a rai. Ya ce shekara hamsin yana gyaran motocin mutane, ba wanda ya taɓa cewa Maina ya cuce shi. Yanzu a ƙarshen rayuwa ya karɓi motar da ke ɗaukar buhu talatin ya miƙa wadda ba ta ɗaukar ko tabarma? Ya ce wannan ba musaya ba ce, cuta ce, ko da wanda ake cutar yana dariya. Na ce ai shi ya gani ya ce yana so. Ya ce hoto ya gani.

Ni dai na samu ya yarda, sauran ba ruwana. Ku zo da wuri don Allah, masunta sun ce ruwan bana zai yi yawa.

Yayarka,
Bintu

*

Yamai, 3 ga Satumba

Ya Bintu,

Assalamu alaikum. Na ga takardarki, na yi murna har na rasa inda zan sa kaina. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan wahalarki. Kada maganar da kika yi masa ta dame ki, gaskiya kika faɗa, ni ne ma ya kamata in ji kunya.

Alhaji ya ji daɗi ƙwarai. Har ya sa an yi wa farar takardu da sunan Baba. Maganar cuta kuwa da na gaya masa dariya ya yi. Ki fahimtar da Baba cewa masu irin wannan sha'awa ba kaya za su ɗora ba. Tsufan ne suke so. Ya ce irinta kaɗan suka rage a duniya, kuma abin da ya sa take da daraja shi ne ba a taɓa ta ba: fentinta na asali, tayoyinta na asali, har tsagewar kujerar nan. Ya ce in gaya muku kada a canja ko ƙusa ɗaya. Ko wankewa kada a yi, a bar ta da ƙurarta.

Na san ba abin da za ku yi mata, na dai rubuta ne don ya ce in rubuta. Ana ta ruwan sama a hanya, direban da zan ba takardar ya ce wani wurin sai an tura. Ki gaida Baba da kyau.

Abdullatif

*

Diffa, 24 ga Satumba

Abdullatif,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Kai ne ba mu san halin da kake ciki ba. Wata guda ke nan babu ko layi ɗaya daga gare ka. Mun ji ruwa ya yanke hanya bayan Gure, motoci sun yi kwanaki a tsaye, to amma an gyara tun makon jiya. Kullum sai na biya tasha in tambaya, kullum a ce babu. Baba yana cewa ƙila mutumin ya dawo hayyacinsa. Ni kuma na riga na gaya wa mai amalanke bana ba na bukatarsa.

To bari in ba ka labari, ka ji abin da shirunka ya haifar. Baba ya ce shirun nan yana nufin Alhajinka ya fara tunani, kuma dole a kyautata masa motar kafin ya zo ya gani da ido. Ya aika aka kira Gambo mai walda daga Gagamari, wanda ya koyi aiki a hannunsa. Ya ba shi ragon nan da yake kiwo, ya ce ladan aikinsa ke nan. Na ce Baba a jira Abdu. Ya ce tun yaushe Abdu ya san mota, shi da tuƙi kawai ya iya?

Kwana goma sha biyu suka yi. Kai, da ka ga tsohon nan! Mutumin da sai na kama hannunsa zuwa masallaci, ga shi kwance ƙarƙashin mota yana ba da umarni, yana laluben kowace ƙusa da yatsa. Abinci ma ya koma ci sosai.

Sun yanke bayanta daga bayan kujeru, suka haɗa bodi na ƙarfe da katako. Sun ɗaga cikinta da sifirin na wata matacciyar a-kori-kura, yanzu yaro zai iya rarrafawa ta ƙasa. Tayoyin keken nan an cire, an sa masu ƙarfi. An yi mata rufin kwano saboda rana, don Baba ya ce babban mutum ba zai zauna rana tana dukan kansa ba. Sitiyarin itacen an naɗe shi da roba. Kujerar da ta tsage na ɗinke ta da kaina da sabon yadi. Koren fentin nan da ya koɗe an kankare shi tas, an shafa ja, jan tattasai. A baya Gambo ya rubuta Allah Ya Kiyaye Hanya.

Jiya aka gwada. Buhun yashi takwas ta ɗauka ta zagaya unguwa, Gambo yana tuƙi, Baba a gefe, mutane suna tafi. Da ya sauko ya ce, “Har yanzu ba ta kai tasa ba, amma yanzu in na miƙa masa makulli zan iya kallon idonsa.”

Gaskiya ni ma na ji daɗi. Ban san mota ba, amma ta fi da kyan gani, ta zama abin amfani. Ga hoto nan Gambo ya wanko, ka nuna wa Alhaji ya san ba mu zauna haka kawai ba.

Kogi ya fara taɓa gindin giginyar nan ta ƙasan garka. Ka rubuto don Allah, ko layi biyu ne.

Bintu

*

Yamai, 2 ga Oktoba

Ya Bintu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni ban san ko lafiyar nake ba.

Wannan kada ki karanta wa Baba. Ki karanta ke kaɗai.

Na rubuto muku tun uku ga Satumba. Jiya na je tasha na kama direban, ashe da hanya ta yanke ya juyo da fasinja, takardar ta faɗa bayan kujerarsa, shi kuma aka mayar da shi layin Agadas. Ga ta nan na haɗo da wannan, ki gani da idonki.

Da na buɗe ambulan ɗinki na ga hoton, ban gane motar ba sai da na ga fitilun. Na samo lambar Gambo na kira shi. Na ce ina bayan da kuka yanke? Ya ce ya yi murhun gawayi shida da shi, sun tafi kasuwar Gagamari. Tayoyin fa? Biyu suna jikin kurar wani mai sayar da ruwa, biyu bai san inda suka shiga ba. Murfin but na bayan motar kuwa ya ce ke kika karɓa kika yi ƙofar akurkin agwagi. Yana ba ni labarin yana alfahari, wai in gaya wa Alhaji aikin ba zai taɓa ɓallewa ba.

Na yi kwana biyu ina ɓoye hoton, sannan na ga ba amfani. Alhaji ya duba, ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, “Wa ya yi wannan ɓarnar?” Na ce mahaifina ne, don kada ya cuce ka. Ya ce Allah Ya ba shi lada, amma wannan ba ita ba ce kuma. Ya ce abin da yake so a jikinta ya riga ya mutu, wannan ko kyauta ba shi da inda zai ajiye ta. Farar an mayar da ita wurin sayarwa, an cire sunan Baba.

Haba Ya Bintu! Kina tsaye ana sa wuta a jikin motar nan ba ki ce komai ba? Ba ki iya aron wayar maƙwabta ki kira ni ba? Shekara arba'in da wani abu tana zaune lafiya, sai da saura wata ɗaya.

Na san ba laifinki ba ne. Ni ma da na ga takardarki ta farko ya kamata in gane inda Baba ya dosa, in nemi wayar wani in yi ihu. Na ɗauka wasa ne irin na tsofaffi. Na gaji, Ya Bintu. Shekara goma sha ɗaya ina buɗe wa mutane ƙofar mota, wannan ne karo ɗaya da na ga zan kawo wani abu gida.

Ki ce wa Baba Alhaji ya yi tafiya, ko ki ce wani abu dai. Ke kika fi ni iya magana da shi.

Abdullatif

*

Diffa, 9 ga Nuwamba

Ƙanena Abdu,

Wa alaikumus salam. Muna raye, alhamdu lillahi. Ka yi haƙuri da daɗewar amsa. Da farko haushinka ne ya hana ni, daga baya kuma ruwa.

Ka ce ina tsaye ban ce komai ba. To me zan ce? Wa ya taɓa gaya mini akwai mutumin da ya fi son tsagaggiyar kujera a kan ɗinkakkiya? Mu nan in abu ya tsage ɗinkewa muke yi. Na yi kuka ranar, ba don motar Alhajinka kaɗai ba, har da ɗinkin da na zauna na yi da bayan nan nawa.

Ka ce kada in karanta wa Baba. Ka manta a hannunsa yaron tasha yake ajiye takarda? Na dawo daga garka na same shi zaune da ambulan a cinya. Ya ce karanta. Na buɗe, idona ya gudu har ƙasa, sai na fara ƙirƙira. Na ce Alhaji ya ga hoto ya yaba ƙwarai, ya ce aiki irin wannan bai kamata a raba shi da mai shi ba, don haka ya haƙura. Baba ya gyaɗa kai. Ya ce, “Sake.”

Abdu, na manta da sau biyun nan. Na sake, amma maganar ba ta fito daidai da ta farko ba. Inda na ce ya yaba sai na ce ya yi mamaki, na kuma ƙara wata tafiya Makka da babu ita ɗazu. Ya bari na kai ƙarshe. Sannan ya ce, “Bintu, takarda ba ta canja magana. Karanta abin da yaron ya rubuta.”

Na karanta masa duka biyun, ta Satumba da ta Oktoba. Da ihu, don ba yadda zan yi. Ka san abin da ake ji a yi wa uba ihun kalmar ɓarna a kunne? Bai ce a sake ba. Ya tashi ya laluba bango ya shiga ɗaki. Kwana huɗu ko zauren bai leƙa ba, Juma'a ta zo ta wuce ba a tayar da mota ba. Abincin da ya koma ci ya sake barinsa.

Ran Talata ta makon jiya kogi ya fasa ta wajen garkar maƙwabtanmu su Alasan. Tattasaina na tsinkar farko yana shanye a ƙasa, ya kusa bushewa. Na ruga wajen mai amalanke, ya ce ai ni na ce ba na bukatarsa, ya riga ya yi wa wasu alkawari. Na dawo gida na zauna a ƙofar zaure. Sai na ji inji ya tashi a bayana.

Gambo ba ya gari. Baba ya ce in hau in zama idonsa. Haka muka tafi, yana tuƙi ina ihu, dama, hagu, rami, akuya! Sau uku muka kafe a yashi, sau uku mutane suka tura. Sawu huɗu muka yi kafin la'asar. A na biyar ruwa ya riga mu.

Buhu ashirin da shida muka fitar. Abin da ya rage a ƙasa ya fi haka, ya tafi, da dashen gefen giginya gaba ɗaya. Farar taka da sawu biyu ta kwashe komai tun kafin azahar, wannan na sani, Baba ma ya sani. Ba na so ka ce mini komai a kai.

Yanzu injin yana wani ƙara da ba ya yi da, kuma tayar baya ɗaya ta fashe. In ka samu taya biyu ko tsofaffi ne ka ba direba, amma ka ce masa kada ya sa su bayan kujera.

Baba yana zaune kusa da ni, ya ce in rubuta maka wannan yadda ya faɗa, kuma zan karanta masa sau biyu ya tabbatar ban canja ba:

“Abdullatif, na gaishe ka. Kada ka yi fushi da yayarka, ta ce a jira ka, ni na ƙi. Motar da ka so kawo mata ni na hana ta, ta yafe mini, kai ma ka yafe. Ka gaida maigidanka. Ka ce masa Maina makaniki yana ba shi haƙuri, ban yi don in ɓata masa ba. Na ɗauka mota yake so.”

Yayarka,
Bintu